An shata sabuwar iyaka, an raba 'ya'yana da makarantarsu

Maman_Iman
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don kaina ya kulle. Muna zaune a wata gunduma a jihar Maryland ta Amurka. Makon jiya hukumar ilimi ta fitar da taswirar sabuwar iyakar makarantu, sai na ga an yanke layinmu daga firamaren da Iman da Sadiq suke, an liƙa mu da wata can tsallaken babban titi. Wadda suke yanzu tafiyar minti goma ce a ƙafa, ni nake raka su in dawo in yi shirin aiki. Waccan kuwa sai bas. Dalili biyu suka bayar. Na farko tamu ta cika ta batse, waccan kuma tana da azuzuwa babu kowa. Na biyu suna so a gauraya 'ya'yan masu hali da na marasa hali, don yawancin yaran waccan abincin kyauta suke ci.

Cikar kam ba ƙarya ba ce. Azuzuwan kwantena shida aka jera a filin wasa. Ajin su Sadiq ƙarfe goma da rabi na safe ake kai su cin abincin rana, saboda ɗakin cin abinci ba ya ɗaukar yaran sai kashi-kashi, ya dawo mini da yamma kamar wanda ya kai azumi. Amma fa mu saboda wannan makarantar muka ci bashin banki muka sayi gidan nan. Maƙwabta sun kafa ƙungiya, sun buga riguna, ana yawo da takardar koke. Jiya sau biyu aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. In sa hannu ko in yi shiru? Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya haska mini.

Bakano_77
Wa alaikumus salam. Sa hannu kawai Hajiya, har da na maigida. A ƙasar nan wanda ya yi shiru shi ake ɗora wa kaya.

Sadiya_Gwale
Ku yi haƙuri da mu na gida, ni ban gane ba. Makarantar gwamnati ce ko? To me zai hana ki je wurin hedimasta ki ce yaranki a nan za su zauna? Mu nan in kina da wanda ya san wani, magana ta ƙare.

Injiniya_Bashir
@Sadiya_Gwale ai nan adireshin gidanki shi ne makarantar ɗanki. Kowace makarantar gwamnati an zana mata unguwanninta a taswira. Ranar rajista sai kin kawo takardar haya ko ta mallakar gida, da takardar kuɗin wuta mai sunanki. Hedimasta ba shi da ta cewa. Kuma kada wani ya ba Maman Iman shawarar aron adireshin 'yan uwa, don na san akwai masu yi a cikinmu. A 2011 a jihar Ohio an ɗaure wata mata kwana tara a kurkuku saboda ta yi wa 'ya'yanta rajista da adireshin mahaifinta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sadiya_Gwale
Kurkuku? A kan makarantar firamare? Allah mai iko.

Baban_Khalifa
Maman Iman, abin da kike ciki mun sha shi a gundumar Howard ta nan Maryland a 2019, bari in ba ki labari da ɗan tsawo.

A watan Agusta na shekarar shugaban makarantun gundumar, Michael Martirano, ya kawo shawarar a sauya wa yara wajen 7,400 makaranta. Dalilan sak irin naku: wasu makarantu sun fi ƙarfin gininsu, wasu da sarari, ga kuma talauci ya taru a wuri ɗaya. Sakandaren River Hill masu cin abincin kyauta ko na rangwame ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba, Wilde Lake kuwa sun haura kashi 40, alhali tsakaninsu 'yar tafiya ce a mota. Abin da ya ƙara wa rigimar zafi shi ne garin Columbia da ke cikin gundumar, wanda James Rouse ya kafa a 1967 da niyyar baƙi da farare, mai kuɗi da talaka su zauna unguwa ɗaya. Mutanen garin suna taƙama da wannan tarihi, har ranar da aka ce a aikata shi a kan 'ya'yansu.

An yayyanka gundumar guntu-guntu a taswira, kowane guntu da lambarsa. Wata uku ba ka jin sunan unguwa a bakin mutane sai lamba. A masallaci bayan Juma'a sai a tambaye ka, kai wace lamba ce? Kowace unguwa da kalar rigarta a wurin zaman jin ra'ayi. Na halarci zama biyu. Na ji iyaye masu hujja ta gaskiya, irin maganar nisa da yaron da ke aiki bayan tashi daga makaranta. Na kuma ji maganganun da in kai baƙar fata ne sai ka sunkuyar da kai.

Ɗana Khalifa yana cikin waɗanda aka mayar. Mun yi ta fargaba, sai korona ta shigo, ya fara sabuwar makarantar a teburin kicin ta kwamfuta. Da aka buɗe ya je, bayan wata biyu ya yi abokai, yanzu yana jami'a. Ba na ce kowa haka ya gani ba. Ni dai tashin hankalin da na yi ya fi abin da ya same mu.

Hajiya_Turai
Baban Khalifa ka faɗi naka, amma ka tsallake maganar kuɗi. Sana'ata dillancin gidaje, shekara goma sha ɗaya. Mai saye kafin ya tambayi ɗaki nawa, makaranta yake tambaya. Gida biyu iri ɗaya, titi ne kawai tsakaninsu, farashi ya bambanta saboda layin da ke taswira. Baiwar Allah nan ta biya kuɗin wancan layin, yanzu an zo da biro an matsar da shi. Wa zai biya ta? Ƙanwata ki sa hannu, gidan nan shi ne gadon yaranki.

Malama_Rabi
Anti Turai, da girmamawa, hukumar ilimi ba ta taɓa sayar wa kowa layi ba. Dillalai ne suke sayar da shi.

Ni mataimakiyar malama ce a irin makarantar da ta cika ɗin nan, kuma a kwantena nake aiki. Ba banɗaki a ciki. Yaro ɗan shekara bakwai in fitsari ya kama shi a watan Janairu, sai ya sa rigar sanyi, in raka shi babban gini, in danna kati a buɗe ƙofa, in jira shi, mu dawo. Kafin nan wani ya ɗaga hannu. Rabin darasi a hanya yake ƙarewa. Malamar da ke koya wa sababbin zuwa Turanci ba ta da aji, a lungun baranda take zama da yara biyar, an kare su da allon katako. Su wa kuke zato yaran nan? 'Ya'yan baƙi ne irinmu. Iyayen da suke buga riguna ba su taɓa shiga kwantenar nan da rana ba. Kowa yana so a rage cunkoso, amma da ɗan maƙwabci.

Hajiya_Turai
To a gina sabuwa mana! Harajin gida da muke biya duk shekara ina yake zuwa?

Injiniya_Bashir
Anti, ko an gina sai an shata iyaka, don ba aljanu za a zuba a ciki ba. A Howard ɗin da aka buɗe sabuwar sakandare ta Guilford Park a 2023, sai da aka sake zana taswira kafin nan. Kuma gini daga sa shi a kasafi zuwa buɗe ƙofa shekaru ne. Sadiq zai gama firamare ba a kafa tubali ba. Sannan da wace hujja za ka nemi kuɗin gini alhali ga makaranta a mil uku da kujeru babu kowa?

Abu_Hanifa_VA
Ni cunkoson na yarda da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki yaro a mai da shi maganin wata cuta da ba shi ya jawo ta ba. In makaranta tana da rauni a kai mata malamai da kuɗi. Kuma akwai abin da hukuma ba ta lissafawa, namu na Musulmi. Yarana suna sauka daga bas huɗu saura, Islamiyya biyar, a lokacin sanyi kafin biyar ɗin magariba ta yi. A ƙara musu minti ashirin a hanya, karatun Alƙur'ani ya tafi. Wa zai tsaya gaban hukuma ya bayyana wannan?

Lauya_Nafisa
@Abu_Hanifa_VA kai za ka tsaya, Malam, shi ya sa ake zaman jin ra'ayi.

Bari in ɗan sa tarihi, don a san dalilin da ya sa ake ta maganar abincin kyauta maimakon a fito a ce launin fata. A 1954 Kotun Ƙoli ta Amurka ta haramta raba makarantun baƙi da na farare, a shari'ar Brown. Amma unguwanni a rabe suke, don haka makarantu suka ci gaba da zama a rabe. A 1971 kotun ta yarda a yi jigilar yara a bas don a gauraya su, a shari'ar da ta taso daga Charlotte. A 1974, a shari'ar Detroit, ta ce ba za a tilasta jigilar ta tsallaka zuwa gundumomin makarantu na bayan gari ba sai an nuna su ma da hannunsu a wariyar. Masu hali suka kwashe kaya suka koma bayan gari. A Boston a wannan shekarar har jifan bas-bas ɗin yara baƙar fata aka yi. Sai 2007, a shari'ar Seattle da Louisville, kotu ta taka wa hukumomi birki kan duba launin fatar yaro ɗaya-ɗaya wajen ba shi makaranta. Tun daga nan ma'aunin da ya fi sauƙin karewa a kotu shi ne samun iyaye. Gidan da samunsa bai wuce kashi 130 cikin ɗari na ma'aunin talauci na tarayya ba, yaro ya ci kyauta, zuwa kashi 185 kuma a yi masa rangwame.

Abin da ya sa Maryland ta bambanta: nan gunduma guda hukumar ilimi guda ce, 24 ne duka a jihar har da birnin Baltimore. Unguwar masu kuɗi da ta talakawa suna ƙarƙashin hukuma ɗaya, don haka ana iya matsar da layi tsakaninsu. A jihohin da kowane ƙaramin gari ke da hukumarsa, ko wannan rigimar ba ta tasowa, don katangar ta riga ta kafu.

Bakano_77
Lauya ta buɗe mana aji kyauta. Amma dai ba ki ce ta sa hannu ko kada ta sa ba.

Lauya_Nafisa
Ta karanta abin da aka rubuta a takardar tukuna. Ba a sa hannu a kan abin da maƙwabci ya fassara maka a bakin ƙofa.

Direba_Bronx
Ku 'yan Maryland kuna da gata, har da zaɓi. Mu nan Bronx a birnin New York makarantar 'yata duk ajin baƙar fata ne da masu jin Sifaniyanci, bature sai malami. Ba wanda ya zo gauraya mu da kowa. A Brooklyn ne na ji wata shiyya ta soke tantance yara da maki wajen shiga ƙaramar sakandare a 2018, aka ware wa marasa ƙarfi fiye da rabin gurabe. Mu dai abin da muka sa wa ido dokar jiha ta 2022, wadda ta ce a birnin New York aji kada ya wuce yara 20 a ƙananan azuzuwa, 23 a na tsakiya, 25 a sakandare. Doka ta yi kyau. Ɗakunan da za a zuba su ne abin tambaya. Ni dai ranar Sallah ƙarama da babba ana rufe makarantu a birnin nan, wannan kaɗai na gode wa Allah.

Malam_Habu_Kano
Jama'a ku yafe ni, dariya ce ta kama ni. Yara 20! Ni ajina na aji huɗu a rajista sun haura 120. Na gaba a ƙasa suke zaune, na baya a taga. In na ba da aikin gida ban isa in duba ba, sai dai su yi musayar littafi su yi wa juna maki. Tun da aka ce ilimi kyauta ne kuma dole a 2019 yara suka ƙaru, aji bai ƙaru ba. Ga shi a 2024 sai da gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Hajiya, in kwantenar nan ta yi muku yawa ku turo mana ta jirgin ruwa.

Ɗan_Maraɗi
Malam Habu ka taɓo mini ciwo. Mu nan in lakwal ta cika, rumfar kara ake kafawa a ce aji ne. A watan Afrilu na 2021 wuta ta kama irin waɗannan azuzuwa a Yamai, yara ashirin suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar ta sake faruwa a nan Maraɗi, sama da ashirin. Ƙanana ne, ba su san ta inda za su fita ba. Allah shi jiƙan su. Ban ce damuwar Hajiya ba damuwa ba ce, kowa da nauyin kayansa. Amma in na ji an ce ga lakwal ta siminti da kujeru babu kowa, mutane suna zanga-zanga kada a kai 'ya'yansu, sai in rasa abin cewa.

Uwar_Biyu
Allahu akbar. Allah ya jiƙan su, ya sa masu ceto ne.

Shugaban_Zaure
Amin. Jama'a mu yi hattara, kada mu mai da tambayar baiwar Allah gasar wahala. Ta tambayi abin da ya shafi yaranta a inda take. Mu dawo kan magana.

Maman_Iman
Na gode ƙwarai, duk na karanta. Malam Habu da Ɗan Maraɗi, kun sa na ji kunya, kuma ban ji haushi ba.

Daren jiya na je taron maƙwabta a gidan wata. An yi shayi, an baje taswira a tebur. Da farko maganar bas ake da tsallaka titi, ina ta gyaɗa kai. Sai wata mata, wadda muke gaisawa kullum, har cincin na kai mata da Sallah, ta ce ita ba ta yi wahalar sayen gida ba don ɗanta ya zauna aji ɗaya da yaran benayen hayar can. Ta faɗi sunan benayen. Jama'a, a benayen nan muka sauka da muka zo ƙasar nan. Shekara shida muka yi a hawa na uku, a can na haifi Iman. Lokacin maigida yana karatu da rana yana gadi da dare, kuma da Iman ta isa shiga makaranta a lokacin, abincin kyautar nan za ta ci. Matar ta juyo ta dafa ni ta ce, ai kin gane abin da nake nufi. Na yi murmushi kawai. Har yanzu ina jin haushin murmushin nan.

Na karɓo takardar kamar yadda Lauya ta ce. Ba maganar benaye a ciki, nisa da lafiyar yara kawai aka rubuta. To amma na ji abin da ke bayanta da kunnena.

Malama_Rabi
Kin gani ko. Yaran da ake gudu, namu ne.

Hajiya_Turai
Rabi kada ki yi mata wa'azi. Don wata ta yi maganar banza ba shi ne bas ɗin ya zama alheri ba. Ta fita daga benayen nan da guminta, ba laifi ta yi ba. Kowa a zauren nan da ya bar gida ya zo nan, ba don 'ya'yansa su samu abin da ya fi ba ne? Mu daina munafunci.

Abu_Hanifa_VA
Gaskiyar Hajiya Turai. Mutum yana iya ƙin shirin ba don ƙyamar kowa ba. Matsalar ita ce in ka shiga sahu ba ka zaɓen wanda zai tsaya kusa da kai.

Zee_2003
Salam iyayena, ku yi haƙuri da Hausata, a nan aka haife ni. Ni an taɓa mayar da ni, ina aji shida. Makarantar farko ita ce wadda kowa yake cewa mai kyau. Ni kaɗai ce mai hijabi a ajinmu. Da azumi sai in zauna a laburare ni ɗaya lokacin cin abinci, kullum sai na yi bayanin kaina. Wadda aka kai ni, Mama ta yi kuka da ta ga makinta a intanet. Amma a can na samu 'yan Senegal, 'yan Habasha, 'yan Afganistan. Mu takwas muke sallar azahar a ofishin wata malama. Gaskiya akwai faɗa a baranda fiye da ta farko, kuma darasin lissafi na masu ƙoƙari aji ɗaya ne kawai, sai da Baba ya je ya yi magana aka sa ni. Ba zan ce ta fi ba. Amma a can na daina jin kunyar sunana. Anti ki tambayi Iman ma, shekara tara ba yarinya ba ce sosai.

Uwar_Biyu
Zee Allah ya yi miki albarka, Hausarki ta fi ta 'ya'yana da suke zuwa gida duk shekara. Makin nan na intanet da kika ambata, Malama Rabi ki gaya mana, me yake aunawa?

Malama_Rabi
Galibinsa sakamakon jarrabawar jiha ne. Makarantar da rabin yaranta bara suka fara jin Turanci dole makinta ya sauka, ko da malamanta sun fi na ko'ina. Ya fi nuna miki su waye iyayen yaran a kan abin da ake koyarwa. Abin da za ki tambaya: malamai suna daɗewa ko duk shekara sababbi ne? Shugabar makarantar shekararta nawa? Yara nawa a aji? Akwai ajin masu ƙoƙari? Waɗannan ba sa cikin maki.

Tsohon_Soja_Alu
Ni tsoho ne, bari in ce wani abu. Gauraya yara da gangan ba Amurka kaɗai ta san shi ba. Kwalejojin gwamnatin tarayya na Najeriya don haka aka kafa su, na farko a 1966 a Sakkwato da Warri da Okposi, aka ƙara yawansu bayan yaƙin basasa. Ni a irinsu na yi. Mahaifina ya sa ni a jirgin ƙasa da akwatin ƙarfe, kwana biyu a hanya, ba minti ashirin a bas ba. Wanda muke gado sama da ƙasa da shi Ibo ne, har yau in na je Legas a gidansa nake sauka. Jihohin Arewa ma suna da shirin musayar ɗalibai a tsakaninsu. Abin da na koya a ɗakin kwana ya fi abin da na koya a aji.

Injiniya_Bashir
Baba Alu, Allah ya ƙara girma, amma da bambanci. Ku jarrabawa kuka ci, iyayenku suka zaɓa, kuma makarantar da aka kai ku ta fi wadda kuka bari. Ba wanda ya yi zanga-zanga don an kai ɗansa wuri mafi kyau. Kuma ko a can ɗin ai har gobe ana rigima kan makin shiga da ya bambanta daga jiha zuwa jiha.

Tsohon_Soja_Alu
Na karɓi gyara, ɗana. Amma uwata ma kuka ta yi a tasha.

Maryam_Manchester
Mu a Ingila ba a cika matsar da layi ba, layin ne yake tsukewa da kansa. Makaranta in ta yi suna, bayan 'yan uwan waɗanda ke ciki da sauran masu fifiko, sai a auna nisan gidanka da ƙofarta. Bana a ɗauki na nesa kaɗan, baɗi a ce sai wanda ya fi kusa. Ranar 1 ga Maris ake sanar da sakandaren da yaro ya samu, ranar nan ba uwar da take cin abinci da daɗi. Ƙananan azuzuwa kuma doka ta ce kada su wuce yara 30. A garin Brighton sun gaji da masu sayen gida a gindin makaranta, suka koma yin ƙuri'ar sa'a wajen ba yara gurbi tun 2008. Nan ma ihu aka yi.

Zango_Kumasi
Ghana da aka fara sakandare kyauta a 2017 yara suka yi yawa, a 2018 aka raba su kashi biyu, kore da ruwan zinariya, waɗannan suna makaranta waɗancan suna gida. Ƙanina wata biyu yana zaune a shago da ni yana jiran layinsu. Ko'ina in wuri ya kasa, wani ne zai matsa.

Bakano_77
Wai Baban Khalifa, yara 7,400 aka kwashe a Howard ɗin duk da zanga-zangar? To ashe sa hannun ma ɓata tawada ne.

Baban_Khalifa
A'a, 7,400 shawarar farko ce. Da hukuma ta kaɗa ƙuri'a a watan Nuwamba na 2019, wajen 5,400 aka mayar. Taswirar farko ba ita ce ta ƙarshe ba, kuma unguwannin da suka fi cika zauren taro da iya rubuta wasiƙa su suka fi tsira. Wannan ma abin dubawa ne, don uwar da take aikin dare a gidan kula da tsofaffi ba ta da lokacin zuwa taron ƙarfe bakwai. Zuwa da kai ya fi saƙo, Maman Iman. In kin je kada ki ce a soke komai, ba za su ji ba. Ki nemi abu takamaimai.

Lauya_Nafisa
Wannan ita ce shawara. Ki yi rajistar magana da sunanki, ba a ƙarƙashin ƙungiyarsu ba. 'Yan mintoci ake ba kowa, ki rubuta ki karanta. Ki nemi a bar yaran da suka kai ajin ƙarshe su ƙarasa a inda suke, kada a raba wa da ƙani makaranta biyu, a gaya muku tsawon tafiyar bas a rubuce da inda zai tsaya. In kina da ƙarfin hali ki faɗi cewa kin zauna a benayen nan. Amma wannan ke za ki auna, ke za ki ci gaba da zama da maƙwabtan.

Hajiya_Turai
Ta faɗa a gaban kyamara, gobe a daina gayyatar Iman bikin ranar haihuwa. Ku lauyoyi ba ku da asara.

Abu_Hanifa_VA
Maganar Islamiyya fa kada ta manta. Ko ba a ce addini ba, a ce yara suna da darasin yamma.

Maman_Iman
Salam. Ga inda aka kwana. Maigida ya sa hannu, ya ce shi bashin banki yake gani in ya rufe ido, ban hana shi ba. Ni ban sa ba. Mun ɗan yi sama-sama a kai, amma an wuce wurin. Na yi rajistar magana ranar Talata ta sama, ina ta rubutawa ina gogewa, ban yanke ko zan ambaci benayen ba.

Na bi shawarar Zee na tambayi Iman. Tambayarta ɗaya, ko ƙawarta ta layin bayanmu ita ma za a mayar da ita. Na duba taswira, layinsu yana ciki. Ta ce to shi ke nan, ta koma kallonta. Sadiq kuwa ya ce a tambayo masa ƙarfe nawa suke cin abinci a can.

Na kira waccan makarantar, sun ce in zo ranar Alhamis ƙarfe tara a zagaya da ni. Malama Rabi, na kwafe tambayoyinki a takarda.

Malama_Rabi
Ki ce a nuna miki ajin da Sadiq zai shiga ana cikin darasi, ba laburare kawai ba. Ki leƙa banɗakin yara kuma.

Hajiya_Turai
Ni dai ina nan a kan bakana. Amma in kin tashi zuwa ranar Talatar ki kira ni, zan riƙe miki yaran.

Uwar_Biyu
Maman Iman duba saƙonki na gefe. Ina jin ƙanwar maigidana a benayen nan take, yaranta uku a waccan makarantar, kuma Islamiyya ɗaya suke zuwa da naku. In an mayar da ku sai ku haɗa mota.